Ruwan Da Mu Ke Binnewa

Malam Edita, ina roƙonka ɗan fili a shafinmu na Hausa, in faɗi ra'ayina a kan wata magana wadda mutane ba su so a ɗauko ta ana cikin cin abinci. Saboda haka wanda ya ke riƙe da kwano yanzu, ya ajiye takardar nan ya gama tukuna.

Ran Talatar da ta wuce na fito da sassafe za ni aji, sai na tarar da bokitai jere tun daga bakin famfon ɗakin kwanan ɗalibai maza har kusa da filin ƙwallo, ga masu su zaune a kan dakali suna gyangyaɗi. Famfo ya ɗauke tun daren jiya. Na ratsa ta bayan ginin don in yanke hanya, sai ga sokawe ya cika ya tumbatsa, baƙin ruwa yana gangarawa cikin ciyawa, ba dama mutum ya wuce sai ya toshe hanci. Na tsaya na auna da ƙafata. Daga bakin ramin zuwa rijiyar burtsatsen da mu ke sha, taku ashirin da biyu ne. Ma'aikatan lafiya kuwa sukan ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin irin waɗannan abubuwa biyu. To, a gaban gini ana kukan babu ruwa, a bayansa ana kukan ruwa ya yi yawa, kowane kuka kuma ofishinsa dabam.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, domin na ji kwamitin gine-gine zai zauna a kan sabon ɗakin kwanan da za a ɗora harsashinsa bana, kuma shawarar da ke gabansu ita ce a haƙa wani sokawe babba, a kuma haƙa rijiyar burtsatse ta uku. Ni dai a ganina kuɗin nan za a zuba su ne a rami, da ma'anar kalmar sosai. Ruwan da mu ke binnewa bayan ɗakunan kwana dukiya ce iri biyu, ruwa da makamashi, kuma an daɗe da sanin yadda a ke ƙwato su.

Bari mu fara da abin da a ke kira ƙazamin ruwa. In aka ɗebo ruwan da ke fita daga gidajen gari, na wanka da wanki da wanke-wanke da na bayan gida duk a haɗe, aka raba shi kashi dubu, to, kusan kashi 999 ruwa ne zalla. Ƙazantar duka wajen kashi ɗaya ce. A ce ɗalibai dubu ɗaya, kowa yana amfani da bokiti uku a yini, kowane bokiti lita 15. Lita 45,000 ke nan kullum. Abin da aka sha bai taka kara ya karya ba, sauran duk yana bin bututu zuwa rami. Mun sayi man dizal mun jawo shi daga ƙarƙashin ƙasa, mun taɓa shi sau ɗaya, mun mayar da shi ƙasa da datti, sa'an nan mu biya motar kwasar masai ta zo ta ɗebe abin da ƙasa ta ƙi shanyewa. Inda motar ke kai shi kuwa, ban taɓa jin wanda ya tambaya ba.

Hausa tana da kalma guda da ta haɗa wannan magana duka, watau rariya. Kafar da ruwan tsakar gida ke fita waje rariya ce, abin da uwargida ke tankaɗe gari da shi ma rariya ne. Aikin da na ke so in yi bayani shi ne a sa rariya ta biyu a bakin ta farko.

Kowa ya ga yadda a ke tace ƙullun koko. A ɗaure ƙyalle a bakin roba, a zuba ƙullu, ruwan gasara ya wuce, dusa ta tsaya. Injiniyoyi sun ƙera wani irin ƙyalle na roba, siriri ƙwarai, wanda zan kira tantani, domin ya fi kama da tantanin da ke cikin ɓawon ƙwai. Galibi sukan yi shi kamar zaren taliya mai rami a tsakiya, a ɗaure dubbai wuri guda a tsoma cikin ruwan, famfo ya riƙa tsotso ta cikin ramin. In ka raba milimita ɗaya kashi dubu, kashi ɗaya shi a ke kira maikron. Kaurin gashin kan mutum wajen maikron 70 ne. Ƙwayar bakteriya irin mai kawo taifot ko kwalara, maikron ɗaya zuwa biyu ko uku. Kafofin tantanin farko kuwa wajen kashi ɗaya cikin goma na maikron ne, akwai ma wanda ya fi wannan matsewa har ya tare yawancin bairas. Ƙwayar cuta ba ta da ta wucewa, kamar a ce raƙumi ya shiga ta ramin gyare.

Akwai kuma tantani na ƙarshe, wanda gishirin da ya narke ma ba ya barinsa ya wuce. Ɗalibanmu na kimiyya sun san darasin osmosis, in kuwa sun manta, su yanka tumatir su barbaɗa masa gishiri, za su ga ruwa ya tsattsafo. Ruwa kan bi ta tantani ya nufi inda gishiri ya fi yawa. In aka sa famfo mai ƙarfi aka matsa gefen mai gishirin, sai tafiyar ta juya, ruwa zalla ya fito ɗaya gefen ya bar kome a baya. Waɗansu masana biyu a Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjelas, Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan, su suka ƙera tantanin farko mai amfani na wannan aiki wajen shekarar 1960, don a cire gishirin ruwan teku. Daga baya aka lura ruwan kwatamin gari ya fi na teku sauƙin matsawa nesa ba kusa ba, saboda gishirinsa kaɗan ne. Tace lita dubu ta ruwan teku takan ci wutar lantarki yunit uku zuwa huɗu, ta ruwan gari kuwa wajen yunit ɗaya.

Kada wani ya ce wannan aikin ƙasashen Turai ne. Garin da ya fara mayar da ruwan kwataminsa cikin famfon sha kai tsaye a duniya, a Afirka ya ke. Shi ne Winduk, babban birnin Namibiya. Gari ne a kan tudu busasshe, ruwan saman da ya ke samu a shekara bai kai milimita 400 ba, kogin da ba ya ƙafewa kuma sai an yi tafiyar fiye da kilomita 600 kafin a same shi. Da madatsansu suka kasa, sai suka buɗe ma'aikatar tace ruwa a Goreangab a shekarar 1968. A lokacin ba su da tantani, da yashi da gawayi da magunguna suka yi ta yi. A shekarar 2002 suka buɗe sabuwar ma'aikata mai iya fitar da lita miliyan 21 kullum. Ruwan gidaje yakan fara shiga ma'aikatar Gammams a rage masa datti, sa'an nan ya zo Goreangab ya bi ta iskar ozon, da yashi, da gawayi, da tantani, a ƙarshe a sa masa kulorin, a gauraya shi da ruwan madatsa a tura wa gari. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da mutanen Winduk ke sha daga nan ya ke fitowa. Yaran da suka fara shansa a 1968 yanzu sun yi jikoki.

Abu biyu suka fi burge ni a labarin Winduk, kuma ba inji ba ne ko ɗaya. Na farko, ba su yarda ruwan masana'antu ya haɗu da na gidaje ba, hanyarsa dabam, ma'aikatarsa dabam. Na biyu, awo. Ana auna ruwan a kowane mataki dare da rana, in wani mataki ya kasa kai ma'aunin da aka yanka masa, ba a barin ruwan ya shiga gari. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Singafo ma ta bi sahu. Tsibiri ne mai sayen ruwa daga maƙwabciyarsa Maleshiya, da ta ga dogaro da rijiyar wani ba kwanciyar hankali ba ne, sai ta fito da ruwan da ta sa wa suna NEWater. A bikin ranar ƙasa na 2002 aka raba wa jama'a shi a kwalabe, shugabanni suka sha a gaban kowa. Mafi yawansa ma masana'antun ƙera kayan kwamfuta ke saye, don ya fi ruwan famfo tsabta.

Wannan ke nan game da ruwa. Saura makamashi, nan ne kuma na ke ganin Allah ya ba mu abin da bai ba mutanen ƙasashen sanyi ba.

Hanyar da yawancin biranen duniya ke bi wajen gyara ƙazamin ruwa, a Manchesta ta Ingila aka gano ta a shekarar 1914. Akan tara ruwan a manyan tankuna, a yi ta hura masa iska da injuna, ƙananan halittu masu son iska su cinye dattin. Tana aiki sosai, irinta ce a ma'aikatar Wupa ta Abuja. Amma hura iskar nan kaɗai takan cinye wajen rabin wutar da ma'aikata ke sha. Watau ana kashe wuta don a hallaka abin da shi kansa makamashi ne. Ai dattin nan ragowar tuwo ne da wake da mai, abinci ne wanda bai gama ƙonewa ba.

Akwai waɗansu ƙananan halittu kuma da ba su son iska sam, irin waɗanda ke cikin tumbin saniya da ƙarƙashin laka a fadama. In aka rufe su a tanki da ƙazamin ruwa, sai su ci dattin su fitar da gas, wanda wajen kashi 60 cikin ɗari nasa metan ne, ɗan'uwan gas ɗin girki. Yana kama wuta, yana dafa abinci, yana juya janareta. Aibinsu biyu ne, suna da nawar haihuwa, kuma ba su jure sanyi. Ruwan gari tsararo ne, yana shiga tanki yana fita da sauri, sai ya kwashe su ya tafi da su tun ba su hayayyafa ba. To, nan tantani ya ke shigowa. In aka sa shi a bakin fita, ruwa ya wuce, halittun su tsaya ciki dole, su yi ta ci har su gama. Ruwan da ya fito garau ne, babu ƙwayoyin bakteriya, amma yana ɗauke da sinadarin naitrojin da fosfaras, su ne kuwa N da P ɗin da ke rubuce a jikin buhun takin zamani. Ruwan ban-ruwa ne da takinsa a ciki. A shekarar 2011 wani shaihin malami na Jami'ar Stanford, Perry McCarty, da abokan aikinsa na Koriya ta Kudu suka nuna da lissafi cewa ta wannan hanya ma'aikatar gyara ruwa tana iya samar da wutar da ta fi wadda ta ke sha. Abin da ya fi ba masu bincike na can wahala shi ne hunturu, ruwa yakan yi sanyi halittun su yi kasala. Mu nan fa? Tankin da ke zaune a rana a garin nan ɗumi gare shi daga Janairu har Disamba, kyauta.

Ba zan ruɗe ku ba, gas ɗin da zai fito daga bayan gidanmu ba zai haska kwalejin nan duka ba. Amma ɗakin girki yana iya amfana. A Ruwanda an gina manyan tankunan gas a gidajen kurkuku, ba ma tare da tantani ba, suka rage itacen da a ke ƙonawa da wajen rabi, har aikin ya ci lambar yabo ta Ashden a shekarar 2005. In fursuna ya ci wake da aka dafa da irin wannan wuta bai ji wari ba, ɗalibi ma ba zai ji ba.

Na san abin da ke cikin zuciyar mai karatu tun daga sakin layi na uku. Ƙyama. Da na kawo maganar nan a ɗakin malamai, wani abokin aikina ya ture kofin shayinsa, ya ce, "Haba Malam, don Allah bari. Ko da zinariya aka tace shi, ni na san inda ya fito." Ba shi kaɗai ba ne. A garin Tuwumba na Ostareliya, ana tsakiyar fari a shekarar 2006, aka jefa ƙuri'a a kan irin wannan shiri, fiye da kashi 60 cikin ɗari suka ce ba su so.

Amma ni ɗan Kano ne, na kuwa tashi ina ganin Jakara. Duk wanda ya bi ta gefenta ya ga lambuna kore shar, latas da kabeji da alayyafo da karas, ya kuma ga launin ruwan da a ke ba su. Kwatamin birni ne, a gaba kuma ya haɗu da na masana'antun Bompai. Da safe a yanko ganyen a kai kasuwa, da rana mu saya mu yi kwaɗo. Manoman ba wawaye ba ne, sun gane tun da daɗewa ruwan nan ba ya ƙafewa da rani kuma yana da taki. Nan kudu ma, wanda ke shan rijiyar da ke taku ashirin da biyu daga sokawe, me ya ke tsammani ya ke sha? Kwalarar da ta ɓarke a Ikko a watan Yuni na 2024 ba daga sama ta faɗo ba. Ashe dai mun daɗe muna sake amfani da ruwan kwatami, abin da ba mu yi shi ne tacewa. Ido ne bai gani ba, shi ya sa zuciya ta kwanta.

Masu tambayar hukuncin tsarki kuwa, wannan fagen malamai ne, ba nawa ba. Abin da duk muka koya tun muna yara shi ne ana duba ruwa ta launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa. Majalisar manyan malamai ta Saudiyya ta zauna a kan wannan mas'ala a shekarar 1978, ta ce ruwan da aka tace har ya koma asalinsa, babu sauran alamar najasa, kuma ba ya cutarwa, ya tsarkaka. Wanda bai gamsu ba ya tambayi malaminsa.

Duk da haka, ni ban ce a sa wannan ruwa a famfon shan kwalejinmu ba, kuma ba don ƙyama ba. Don awo ne. Tantani yakan toshe, kamar yadda ƙyallen koko ke toshewa in dusa ta like masa. Sai an riƙa turo ruwa ta baya ana wanke shi, a jiƙa shi da magani lokaci lokaci, bayan shekara biyar zuwa goma kuma a sayo sabo, daga waje, da kuɗin waje. Zare ɗaya ya tsinke cikin dubu, ƙwayar cuta ta sami ƙofa, ruwan kuwa yana nan garau a ido. Wanda zai gane sai mai awo kullum, mai kuma ƙarfin halin da zai rufe famfo ya ce yau ba a sha, ko da shugaba na da baƙi. Mutanen Winduk sun yi shekaru fiye da hamsin suna wannan horo. Mu kuwa, ku je bayan ɗakin gwaje-gwaje ku ga injin tace ruwan da aka kawo mana shekarun baya, an yi biki an yanka kirtani, ya yi wata bakwai yana aiki, wata 'yar roba ta lalace, yau kaji ke ƙwai a ƙarƙashinsa. Wanda bai iya riƙon akuya ba, ba a fara ba shi doki.

Akwai wata matsalar ma da ya kamata a sani. Wani kashi na metan ɗin yakan narke cikin ruwa ya fita tare da shi, in kuwa ya tsere sama ya fi hayaƙin mota ɗumama duniya. Sai an yi dabarar kama shi. Wani kuma ya ce mini, me ya sa za mu wahala, alhali nan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya? A sa indararo da tankuna mana. Gaskiyarsa, a sa, tun jiya ma ya kamata. Sai dai tankin ruwan sama yakan ƙare kafin watan Fabrairu, kuma ko ya cika ya batse bai hana sokawe tumbatsa ba.

Abin da ya hana garuruwanmu bin sawun Winduk tun farko shi ne ba mu tara ƙazamin ruwanmu wuri guda. In ka cire waɗansu unguwannin Abuja da 'yan rukunin gidaje nan da can, kowane gida da raminsa. Ba a tace abin da ba a tara ba. Amma makaranta irin tamu dabam ce. Mutum dubbai a fili ɗaya, ƙarƙashin hukuma ɗaya, babu majema, babu marina, bututu kaɗan ne zai haɗa ɗakunan kwana da ɗakin girki. In akwai inda ya dace a gwada wannan abu a ƙasar nan, to, kwaleji ce da asibiti da bariki.

Ga roƙona ga kwamiti, Allah ya ba ku nasara. Kuɗin sokawe da na rijiya ta uku, a haɗa su a nemi injiniya ya zana mana tanki rufaffe a gangaren bayan gonar makaranta, nesa da rijiyoyi, wanda zai karɓi ruwan sabon gini da na tsofaffin. Gas a ja shi zuwa ɗakin girki. Ruwan da ya fito a fara bi da shi ta yashi da tsakuwa, a bar wuri a ginin inda za a sa tantani. In mun yi shekara guda tankin bai mutu a hannunmu ba, a sayo tantanin, a mayar da ruwan zuwa tankunan kora bayan gida, da gonar sashen aikin gona, da filin ƙwallon da ke zama ƙura kowane rani. Wannan kaɗai zai sauke wa rijiyoyinmu biyu babban kaya, su ji da sha da girki da wanka. A kuma rubuta kuɗin gyara cikin kasafi tun ran farko, da sunan ma'aikacin da abin ke wuyansa.

Awon kuwa a ba ɗaliban kimiyya, ya zama cikin darasinsu, da maki. Kowace Litinin su ɗebo ruwa daga bakin tanki, su ɗebo daga rijiyoyin sha, su auna, su manna sakamakon a allon sanarwa na ƙofar ɗakin cin abinci inda kowa zai gani. Waɗannan ɗalibai gobe su ne za su tsaya gaban yara a makarantun firamare daga Badagiri har Gaidam, malamin da ya taɓa ganin ruwan baƙi ya shiga ya fito fari, ya kuma auna shi da hannunsa, ba zai koyar da darasin tsabta kamar mai karanta wasiƙar wani ba.

Awon rijiyar ma bai kamata ya jira kwamiti ba. Na riga na yi magana da shugaban sashen kimiyya, ya ce akwai kayan gwajin a kabad, kwalabe masu tsabta kawai ya rasa. Na sayo guda shida da kuɗina. Ɗalibin da ke so ya raka ni, mu haɗu a bakin famfon ɗakin kwanan maza ran Litinin da ƙarfe bakwai na safe, in an kawo ruwa.